Giya a gidan biki: kura da shan bugu, gardi da amsar kuɗi



Yau zan taɓo maganar da na san wasu za su ce me ya kai ni. Maganar giya ce, da gidajen abinci masu amsar biki. Tun kafin a fara jifa in gaya muku: ba na sha, ba na sayarwa, kuma ban zo wanke masu sha ba. Abin da ya sa na yi wanga rubutu mutum biyu ne: wata ƙanwata, ɗiyar gwaggona, da wani ɗan kabu-kabu da har yau da sanda yake tafiya.

A kartiyen da nake zaune a Yamai akwai wani gidan abinci. Daga Litinin zuwa Alhamis shinkafa da miya ne, da kaji, da gasasshen kifi, da lemu. Ko kwalba ɗaya ba ka gani. Amma da yammacin Juma'a ta yi sai gida ya rikiɗe. A kafa rumfa a tsakar gida, a jera kujeru, a ɗaura lasifika, ya koma wurin walimar aure, ko shagalin ƙarin girma, ko liyafar ma'aikatan wani ofis. Ƙanwata tana lise, shekarunta 17, takan je can rabon abinci don ta samu jikka uku na dare ta sayi kayan karatu. Wani daren Asabar aka ce ta ɗauki akwatin ƙanƙara ta kai teburin ƙurya, wurin abokan ango. Tana buɗewa ta ga giya ce, wata ma an juye ta cikin gorunan lemu don kada dattawa su gane. Ta ce ita ba ta rabawa. Aka ce mata in ba ta iyawa ƙofa a buɗe take, kuma kuɗin dare ta manta da su. Ta raba, zuciyarta na ƙuna. Wajen ƙarfe biyu na dare ɗaya daga cikin mutanen teburin nan ya shiga motarsa, bai ko kai gudron ba ya kwashe ɗan kabu-kabu da ke jiran fasinja a bakin ƙofa. Ƙafa ta karye wuri biyu.

Da gari ya waye muka bi sawu, mu da ƴan fadarmu, don yaron ɗan unguwa ne. Mai gidan abinci ya ce shi wuri ya ba da haya, ba ya sayar da giya, in muna so mu duba takardunsa. Matar da aka ɗauko ta yi dahuwa ta ce ita tukunya ce tata, abin sha ba ruwanta. Uban ango ya rantse bai san an shigo da ita ba, kuma wallahi na yarda da shi. Abokan ango suka kashe waya. Mai motar ya ba da abin da ya ba da aka ce an sasanta, abin bai kai rabin kuɗin asibiti ba. Yaro ya sayar da motonsa ya cika. Asabar ta gaba aka sake kafa rumfa.

To ga tambayata, kuma ita ce dukan maganar: daren da gidan abinci ya koma mashaya, sunan wa ke kan takarda?

Mashaya an san ta. Tana da ƙofa, tana da mai ita, ƴan unguwa sun san inda take, mai tsoron Allah ya canza hanya. Amma gidan abinci mai amsar biki yana zama mashaya na dare ɗaya ba tare da ya amsa sunan ba. Mai wuri ya ci kuɗin haya, mai dahuwa ta ci nata, wanda ya kawo katan-katan na giya ya ci ribarsa, kuma cikinsu babu wanda ya sa hannu ya ce ni ne mai alhakin abin da aka sha a nan. An raba aikin gida uku don alhaki ya faɗa tsakani. Wanga rami shi ne ya haɗiye ƙafar ɗan kabu-kabu, shi ne kuma ya sa yarinya ƴar shekara 17 ta kwana tana zuba wa manyan banza giya.

Mu daina yaudarar kanmu. A Nijar doka ba ta hana sayar da giya ba. Ana shigo da ita ta duwan, ana biyan haraji a kanta, kuɗin na shiga baitulmali. Ƙa'idar UEMOA, wadda muke cikinta, ta ce harajin musamman da ake ɗora wa barasa ya kama daga kashi 15 zuwa kashi 50 cikin ɗari. Ke nan hukuma ta san da giya sarai lokacin amsar kuɗi. Sai an zo maganar wa ya sha, ina aka sha, wa ya zuba, ƙarfe nawa aka tashi, sai kowa ya sunkuyar da kai wai kunya. Kunyar me? Wanda ya zo wanka ba ya ɓoye cibiya. Ku da kuke karanta wanga rubutu a Maraɗi, a Damagaram, a Tawa, a Yamai, ku gaya mini tsakani da Allah: wa ya taɓa shiga gidan biki ya ga takardar izinin raba giya manne a bango? Wa ya taɓa zuwa meri ya ga an liƙa jerin gidajen da ke da izini a unguwarsa? Abin da ba a liƙa ba, talaka ba ya iya kai ƙara a kansa. Abin da talaka ba ya iya kai ƙara a kansa kuwa, ya zama gonar mai amsar na goro.

Kuma mun san yadda shirun nan ke ƙarewa, don mun gani da idonmu har sau biyu. A watan Nuwamba na 2000, lokacin bikin nunin tufafi na FIMA, zanga-zanga ta ɓarke a Yamai da Maraɗi. A Maraɗi aka afka wa mashaya da gidajen mata masu zaman kansu da coci. A watan Janairu na 2015, bayan zanen ɓatanci na jaridar Charlie Hebdo, wuta ta tashi a Damagaram ran 16 ga wata, ta tashi a Yamai ran 17. Mutum 10 suka rasa rayukansu. A Yamai kaɗai ƴan sanda sun ƙidaya coci 45, otal 5 da mashaya 36 da aka ƙona. Me ya haɗa mai mashaya a Yamai da jaridar da aka buga a Faransa? Babu. Haushi ne da ya daɗe yana taruwa a zukatan mutane, na kiɗin da ya hana su barci, na ɗan da ya dawo gida yana tangaɗi, na ƙarar da aka kai ba a saurara ba. Da ya samu ƙofa sai ya fita da ashana. Ƙone-ƙonen nan zalunci ne, ba mai wanke shi. Amma ku lura da abu guda: inda wutar ta fi ci shi ne inda ake gani daga bakin titi. Teburin ƙurya da ke bayan doguwar katanga, inda ake juye giya cikin gorar lemu, ko hayaƙi bai taɓa shi ba. Kura da shan bugu, gardi da amsar kuɗi.

Na san abin da wani ɗan uwa zai ce: malam, giya haram ce, neman a ba ta takarda ai halatta ta ne, a hana gaba ɗaya a huta. Ɗan uwa, ban yi maka musu kan haramci ba. Malamanmu sun karantar da mu cewa laifin bai tsaya kan mai sha ba, ya haɗa da mai ɗauka da mai zubawa. Shi ya sa ma abin da aka yi wa ƙanwata ya fi ci mini rai. Amma takardar meri ba fatawa ba ce. Ba ta halatta komai, igiya ce da ake ɗaure wa mai sana'a a ƙafa don ranar da ya yi ɓarna a san inda za a ja. In kana son a hana giya a ƙasar nan baki ɗaya, fito fili ka nema ta hanyar doka, haƙƙinka ne. Sai dai kafin ranar ta zo, Asabar nawa za ta wuce? Yara nawa za a tura teburin ƙurya?

Sannan ka leƙa maƙwabta ka gani. Jihar Zamfara ta fara aiki da shari'a a farkon shekarar 2000, wasu jihohi 11 na arewacin Najeriya suka bi wannan hanya. Giya ta ɓace? Mutanen Maraɗi su ba da amsa, don su suka ga yadda masu mashaya suka tsallako iyaka suka yi sansani a wurare irin su Firji, masu sha na biyo su daga Katsina. A Kano, a watan Nuwamba na 2020, Hisba ta fasa kusan kwalba miliyan 2 a rana ɗaya. Wanda ke da hankali ya tambayi kansa: garin da aka hana giya shekara da shekaru, ina aka samu kwalba miliyan 2? Kuma jihar na amsar kasonta na harajin VAT da ake tarawa a Abuja, wanda kuɗin giyar Legas na ciki. Ban faɗi haka don raina ƙoƙarin kowa ba. Na faɗa ne don mu gane cewa ko an hana ko ba a hana ba, aikin sa ido ba ya ƙarewa, kuma mai kuɗi kullum yana da katangar da zai ɓuya a bayanta.

Yanzu mu dubi inda suka ɗauki abin da muhimmanci. Na ɗauko Faransa da gangan, don tsarin ofisoshinmu daga can aka gado shi, kuma ko mun raba gari da su ba laifi ba ne mu ga yadda suka ɗaure nasu. A can, lasisin gidan abinci daban yake da lasisin mashaya. Mai lasisin gidan abinci ba ya ba ka giya sai tare da cin abinci. In yana son ya zuba wa mutane giya zalla suna tsaye suna rawa, wani lasisi ne daban, kuma babban lasisin mashaya ba a ƙirƙiro sabo haka kawai, sai dai ka sayi na wani. Kafin ka buɗe, sai ka yi horo na awa 20 kan dokokin sana'ar, takardar horon na aiki shekara 10, sannan ka sanar da meri kwana 15 kafin ranar buɗewa. Ƙungiyar da ke son sayar da abin sha a bikinta sai ta nemi izinin magajin gari na wannan bikin kaɗai, kuma ba ta wuce sau 5 a shekara. Sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba laifi ne mai tarar Yuro 7,500, kusan miliyan 5 na sefa. Zuba wa wanda ya riga ya bugu shi ma laifi ne. Akwai kuma tazarar da hukuma ke gindayawa tsakanin mashaya da lekol ko asibiti.

A Ingila ma haka. Dokarsu ta 2003 ta tanadi takardar sanarwa ta bikin wucin gadi: in za ka sayar da giya a taron da bai kai mutum 500 ba, a wurin da ba shi da lasisi, sai ka sanar da hukumar gari aƙalla kwanakin aiki 10 kafin ranar, ka biya Fam 21, kuma ƴan sanda da jami'an kula da lafiyar muhalli na da ikon cewa ba su yarda ba. Sunan mutum ɗaya ke kan takardar. In abu ya lalace, shi za a nema.

Ku duba abin mamaki. Ƙasashen da giya ke cikin al'adarsu, suna sha da rana tsaka ba mai ce musu kanzil, su ne suka ɗaure ta da igiya bakwai. Mu da muke cewa ƙazanta ce, mun sake ta tana yawo cikin gorar lemu a hannun ƴan mata ƴan lise. Wa ya fi wani tsoron ɓarnarta ke nan?

Ga abin da nake ganin ya kamata mu nema, kuma ba abin da ya fi ƙarfin meri a ciki:

1. A raba izini gida biyu a fili. Izinin dafa abinci daban, izinin raba giya daban. Gidan da ba shi da na biyu, kwalba ba ta shiga harabarsa, ko sayarwa ce, ko kyauta ce, ko baƙi ne suka zo da abinsu. Maganar "ni wuri na ba da haya" ta mutu daga ranar.

2. Duk bikin da za a sha giya a cikinsa a nemi izinin wannan daren, da sunan mutum ɗaya baligi, da lambar katin ɗan ƙasarsa, da lokacin farawa da na tashi. Mai wuri ya sa hannu a ƙasa, alhaki ya hau kansu su biyu.

3. Mai biki ya sani. Uban ango ko uwar amarya da suka biya kuɗin wuri su ga takardar su sa hannu. Dattijo ya daina zama a gaba yana amsar gaisuwa ana shan giya a bayansa da sunan ɗansa.

4. Wanda bai kai shekara 18 ba, ba ya sha, ba ya ɗauka, ba ya zubawa. Babba ma in ya ce addininsa ya hana shi rabawa, a ba shi wani aiki, kuma kada a taɓa kuɗinsa.

5. A gindaya tazara tsakanin irin waɗannan wurare da lekol, da makarantar allo, da masallaci, da coci, da asibiti. A sa lokacin kashe kiɗi. A tambayi maƙwabta kafin a ba da izini, ba bayan sun shekara ba barci ba.

6. A liƙa takardar izini a bakin ƙofa inda mai wucewa zai karanta, a liƙa jerin masu izini a meri da gidan mai unguwa. Wanda aka kama sau biyu a rufe mishi ɓangaren biki.

Masu gidajen abinci za su ce: kun ƙaro mana takarda, kun ƙaro mana masu zuwa amsar na goro. Wannan kuka gaskiya ne, kuma duk wanda ya taɓa neman takarda a ofis a ƙasar nan ya san ɗacinsa. Shi ya sa kuɗin izinin ya zama ƙayyadadde, a rubuce a bango, a biya a ba ka rasiɗi, kuma a sa wa ofis wa'adin kwanakin da zai ba da amsa. Cin hanci a duhu yake ƙiba. Yau da ba wanda ya san ƙa'ida, duk mai kaki da ya leƙo cikin dare shi ne doka, abin da ya yanka shi za ka biya. Ran da ƙa'ida ta hau bango, kai ma ka samu abin nunawa. Kuma ku tuna, mafi yawanku ba ku hulɗa da giya sam. Ku ne za ku fi cin riba, don iyaye za su san gidan da za su kai bikin ɗiyarsu hankali kwance. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Wani kuma zai ce ƙasa na fama da ƴan ta'adda da tsadar rayuwa, kai kana maganar teburin biki. To ai ɗan kabu-kabun nan shi ma ɗan ƙasa ne, kuma motonsa ita ce gonarsa. Ƙasar da ba ta iya sanin wa ya zuba giya a kartiye ɗaya a daren Asabar, da wane ido za ta ga abin da ya fi haka ɓoyuwa? Tun watan Afrilu na 2024 aka rusa majalisun ƙananan hukumomi, kantomomi ke riƙe da garuruwanmu. Ba kansilan da za mu tare a bakin masallaci mu ce mun zaɓe ka, yi mana aiki. Saboda haka nauyin ya dawo kan kantoma kai tsaye, shi da gwamna da perfe. Ba su da uzurin cewa majalisa ta ƙi amincewa. Masu cewa an zo gyaran ƙasa, ga ƙaramin gyara nan da ba ya buƙatar tallafin kowa daga waje, takarda ce da hatimi da niyya.

Mu kuma matasa, namu aikin ba ashana ba ne. Duk wanda ya ce ku zo mu ƙona, ku tambaye shi bayan 2000 da 2015 me ya canza, ban da marayu da toka. Aikinmu shi ne tambaya, a rubuce, da sunanmu. Kowace fada ta zaɓi mutum biyu su je meri su nemi a nuna musu ƙa'idar da ke aiki kan raba giya a wuraren biki, da jerin masu izini a unguwarsu. In an ba ku, ku karanta wa mutane a fada da rediyo. In an hana ku, ku rubuta ranar da kuka je, ku koma bayan sati biyu da mai unguwa da liman. In za ka kama wurin biki, tambayi mai wuri gaban shaidu ko ana shigo da giya, amsarsa ta shiga takardar haya. In ƙanwarka ko ƙanenka na zuwa aikin dare a irin wuraren nan, zauna da su yau ka tambaye su me ake ba su su ɗauka. Ni ban tambaya ba sai da abin ya faru, kuma har yanzu ina jin nauyinsa.

Su kuma abokan ango masu juye giya cikin gorar lemu, magana ɗaya gare ni da ku. In kun isa, ku sa sunanku a takarda. In kuna jin kunyar a ga sunanku, to kun riga kun san abin da kuke yi, ku bar ɗiyan mutane su ci jikka ukunsu da mutuncinsu.

Ƙanwata ta bar aikin. Ɗan kabu-kabu yana zaune a bakin kasuwa yana sayar da katin waya, sandarsa jingine da tebur. Rumfa kuwa ana nan ana kafa ta duk Juma'a.

Allah ya kiyaye mana ƙannenmu, ya ba shugabanninmu ikon yin gaskiya. Wanda ya je meri ya dawo ya ba mu labarin abin da aka ce mishi.